Tiya Biyu a Gida Ɗaya

Ɗan'uwa mai karatu, ka san kasuwar hatsi. Ka kuma san irin mai awon nan da yake ajiye tiya biyu a bayan buhu, babba domin saye, ƙarama domin sayarwa. In manomi ya kawo gero da kaka, sai ya fito da babbar. In manomin nan ya komo da bazara, rumbunsa ya ƙare, sai ya fito da ƙaramar. Mu mutanen Damargu da gero ne arzikinmu, daga Belbeji har Tanut, ba sai an gaya mana sunan wannan mutum ba. Macuci ne. Littafi Mai Tsarki ma bai ƙyale shi ba. A Maimaitawar Shari'a 25:13-16 an hana Isra'ilawa su ajiye ma'auni iri biyu, ko a jaka ko a gida. A Karin Magana 20:10 kuma an lasafta wannan cikin abubuwan da Ubangiji yake ƙyama.

To, akwai wata tiya biyu da muke ajiyewa a gidajenmu, wadda ba ta gero ba ce. Da ɗaya muke auna 'ya'yanmu mata, da ɗaya kuma 'ya'yanmu maza. A kanta nake so mu yi nazari. Magana ce mai nauyi a baki, dattijo ba ya jin daɗin yinta. Ka gafarce ni in na faɗi abin da ba a saba faɗa a gaban jama'a ba.

Fara da kalmomin da muke amfani da su kowace rana. Muna da budurwa, muna da budurci. Kowa ya san abin da ake nufi in an ce yarinya ta kai budurcinta ɗakin miji. Muna da saurayi, muna da samartaka. Amma samartaka ba ta nufin yaro ya tsare jikinsa. Tana nufin ƙarfi, da ado, da yawon dare. Ba mu da kalmar da za mu ce yaro ya kai ta ɗakin matarsa, gama ba mu taɓa neman wannan a wurinsa ba. In yarinya ta faɗi, sunayenta suna da yawa, ba sai na rubuta su ba. In yaro ya faɗi, sai a ce, "Ai namiji ne," har wani tsoho ya yi murmushi. Jaririn da aka haifa kuwa, wanda bai san kome ba, shi ake liƙa wa mummunan suna har ya tsufa. Uban da ya gudu ba shi da suna ko ɗaya.

Yahuza da surukarsa

Buɗe Farawa sura 38, ka karanta ta duka kafin ka ci gaba. Ba a cika yin wa'azi a kan surar nan ba, amma Allah bai sa ta a Littafinsa a banza ba.

Yahuza ɗan Yakubu yana da 'ya'ya maza uku, Er, da Onan, da Shela. Ya aura wa Er wata yarinya mai suna Tamar. Er ya mutu bai bar ɗa ba. Bisa ga al'adarsu aka ba Onan ita, shi ma ya mutu. Sai Yahuza ya ji tsoro kada autansa ma ya mutu. Ya sallami Tamar zuwa gidan ubanta da alkawari cewa in Shela ya yi girma za a ba shi ita. A zuciyarsa kuwa ba shi da niyyar cikawa. Shekaru suka wuce, Shela ya yi girma, ba wanda ya tuna da Tamar.

Ana nan matar Yahuza ta rasu. Da ya gama makoki ya tashi zuwa Timna, inda ake yi wa tumakinsa sausaya. Tamar ta ji labari, ta tuɓe tufafin takaba, ta lulluɓe fuskarta, ta zauna a bakin hanya. Yahuza ya gan ta, ya zaci karuwa ce, ya ratse wurinta. Ya yi mata alkawarin ɗan akuya. Ta nemi jingina, ya ba ta hatiminsa, da igiyarsa, da sandarsa. Daga baya ya aiki abokinsa da ɗan akuyan, ba a same ta ba. Ka lura da abin da ya dami Yahuza a ranar. Bai yi maganar zunubi ba. Abin da ya ji tsoro shi ne kada mutane su yi masa dariya, domin haka ya ce a bar mata kayan.

Bayan wata uku aka kawo masa labari cewa surukarsa tana da ciki. Nan take ya yanke hukunci, a fito da ita a ƙone ta. Bai tambayi wane ne namijin ba. Bai tuna da hanyar Timna ba. Ana fito da ita sai ta aika masa da hatimi da igiya da sanda, ta ce mai waɗannan kaya shi ne mai cikin. Yahuza ya duba, ya gane kayansa. A nan ne ya yi abu ɗaya mai kyau: ya yarda a gaban mutane cewa laifinsa ya fi nata, tun da shi ya hana ta Shela.

Ba na cewa dabarar Tamar daidai ce. Ba daidai ba ce. Amma dubi tiyar Yahuza. Aiki ɗaya suka yi, a wuri ɗaya, a sa'a ɗaya. Nasa awon ɗan akuya ne, nata awon wuta. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tagwayen da Tamar ta haifa su ne Feresa da Zera, in ka buɗe Matiyu sura 1 kuma za ka ga sunanta da na Feresa cikin asalin Yesu Almasihu. Matar da aka so a ƙone, Allah bai ji kunyar rubuta sunanta ba.

Hanyar Timna tamu

Mu ma muna da hanyar Timna, sunanta ci-rani. Da an gama girbi samarinmu sukan watse. Waɗansu su nufi Damagaram ko Kano, waɗansu su bi hanyar Agadas zuwa Arlit, ko Aljeriya, ko Libiya. Tun da aka gano zinariya a Jado a shekara ta 2014, da yawa suka koma neman zinariya a arewa. Ci-rani ba laifi ba ne. Da kuɗinsa aka ciyar da gidaje da yawa a shekarun da damina ta ƙi. Amma yaro yakan yi wata shida, ko shekara biyu, inda ba uwa, ba uba, ba majami'a. In ya komo mukan tambaye shi nawa ya kawo. Wane uba ne ya taɓa zaunar da ɗansa ya tambaye shi yadda ya riƙe jikinsa a can?

Ƙanwarsa kuwa, in ta jima a rijiya kaɗan, sai an tuhume ta.

Abin ba ya tsayawa a kan zunubi kaɗai, yakan shiga jiki. Ciwon sanyi, da tunjere, da sida, ba su tambayar ko mutum namiji ne. Saurayi yakan ɗauko ciwon sanyi, ya sayi ƙwayoyi a tebur ya sha kwana biyu, ya ga kamar ya warke. Sa'an nan ya auri yarinyar da iyayenta suka tsare shekara da shekaru, ya sa mata ciwon. A jikin mace ciwon nan sau da yawa ba ya nuna alama, amma yakan hau ya toshe hanyar da ƙwan haihuwa yake bi. Shekara uku ba ciki, sai dangin miji su fara ce mata juya. Ita da ta zo da tsarki ita ce ta ɗauki sunan. Domin haka shawarata ita ce, kafin a ɗaura aure su biyu su je gidan likita a auna jininsu, shi da ita, rana ɗaya. Wanda ya ƙi awo, iyaye su tambaye shi dalili.

Farin zane

Yanzu mu zo ga al'adar daren farko. A wurare da yawa tsofaffin mata sukan shimfiɗa farin zane, da safe su duba. In an ga jini sai guɗa, a yi wa uwar amarya barka, ango ya ba da kyauta. In ba a gani ba sai a yi shiru, magana kuwa ta zaga gari kafin azahar. Ango kuwa ba shi da zanen da ake dubawa.

Akwai abin da iyayenmu ba su sani ba, mu kuwa ya kamata mu sani. Abin da ake kira tantanin budurci ba murfi ba ne mai rufe jikin yarinya kamar fatar ganga. Da haka yake, da jinin al'ada bai sami hanyar fita ba. 'Yar siririyar tsoka ce a gefe, da kafa a tsakiyarta, kuma kowace mace da irin halittarta. Ta wata mai kauri ce, ta wata ba ta da yawa tun haihuwa, ta wata kuma tana miƙewa ba tare da ta yage ba. Saboda haka budurwai da yawa, waɗanda ba namijin da ya taɓa su, ba su zub da jini a daren farko. Jinin da ake gani kuma wani lokaci rauni ne, domin amarya ƙarama ce, tana jin tsoro, ango kuwa ya zo da ƙarfi don ya san ana jira a waje. A watan Oktoba na 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya, tare da waɗansu hukumomi biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fito da sanarwa cewa ba wani dubawa, ko na likita ko na ungozoma, da zai iya tabbatar da ko mace ta taɓa sanin namiji. Ta roƙi ƙasashe su hana gwajin budurci.

Ka ga ke nan zanen yakan yi ƙarya ta fuska biyu. Yakan kunyata marar laifi. Yakan kuma wanke mai wayo, gama tsofaffi sun daɗe da sanin dabarar jinin kaza.

Wani mai karatu zai ce, "Dattijo, ai zanen nan yana cikin Littafi Mai Tsarki." Gaskiya ne, yana nan a Maimaitawar Shari'a 22:13-21, ba zan ɓoye maka ba. Amma karanta da kyau ka ga inda dokar ta fara. Ta fara da mijin da ya ƙi matarsa, ya ɓata mata suna. Iyayenta ne suke kawo zanen wurin dattawan gari domin su kāre 'yarsu. In ƙarya ya yi, a hore shi, a ci shi tarar shekel 100 na azurfa, ba shi da ikon sakinta har ya mutu. Mu mun riƙe zanen, mun yar da tarar. Wane miji ne a garinku aka taɓa ci tara domin ya ɓata sunan amaryarsa? Ayar da take biye, ta 22, ta ɗora hukunci ɗaya a kan namiji da mace. Ayoyi na 25 zuwa 27 kuma sun ce yarinyar da aka fi ƙarfinta a daji ba ta da laifi ko kaɗan, namijin kaɗai ke da shi. Hukuncin jifa da yake cikin surar na shari'ar Isra'ila ne a zamaninta, za mu kuwa ga abin da Ubangiji Yesu ya yi sa'ad da aka kawo masa duwatsu. In kana neman mijin da za ka yi koyi da shi, ga Yusufu a Matiyu 1:19. Ya ga Maryamu da ciki, bai riga ya san asirin ba, duk da haka bai so ya tona mata asiri a gaban jama'a ba. Littafin ya kira shi adali.

Maƙwabtanmu Musulmi ma, in ka tambayi malamansu, za su gaya maka cewa a addininsu hukuncin zina ɗaya ne ga namiji da mace, wanda kuma ya yi wa mace ƙazafi ba tare da shaidu huɗu ba shi ake yi wa bulala. Ashe tiyar nan ba ta wani addini ba ce. Tamu ce, mu maza muka sassaƙa ta.

Tsoron abin kunya

Saboda dukan mutuncin gida an ɗora shi a kan yarinya, uba ba ya barci tun daga ranar da ta fara girma. Sai ya ga mafita ɗaya, ya aurar da ita tun da wuri, kafin wani abu ya faru. Binciken da aka yi a ƙasarmu Nijar a 2012 ya nuna cewa cikin mata 100, an aurar da 76 kafin su cika shekara 18, 28 kuma kafin su cika 15. A jihar Damagaram adadin ya wuce 80 cikin 100. Talauci yana cikin dalilan, amma ka tambayi iyaye, da yawa za su ce maka tsoron abin kunya ne.

Me yakan biyo baya? Yarinya 'yar shekara 14 ta yi ciki, ƙugunta bai gama buɗewa ba. Naƙuda ta yi kwana biyu ko uku a ƙauye, asibiti da nisa, amalanke ce motar. Kan jariri ya danne tsoka har ta mutu, ta huje. Jariri sau da yawa ya rasu, uwa ta tashi da yoyon fitsari. Miji ya ce ba ya iya zama da wari, ya mai da ita gida. Uban da ya gudu daga abin kunya ga shi da abin kuka. Ciwon nan yana da magani, ana ɗinke shi. A Danja kusa da Maradi an buɗe asibitin wannan aiki a 2012, ana kuma yinsa a Damagaram. In kana da mai ciwon a gida, kada ka ɓoye ta a bayan ɗaki.

Gwamnati ta sa hannu a kan wata doka a watan Disamba na 2017 domin kāre yarinya mai zuwa makaranta, a 2019 kuma aka ƙara bayani cewa ko ta yi ciki ko an yi mata aure tana da ikon ci gaba da karatu. A dā yarinyar ce take barin lakwal, yaron da ya yi mata cikin ya zauna a bencinsa har ya ci jarrabawa.

Bencin baya

Ba zan tsaya a kan tudun wani ba, bari in taka nawa. Shekarun baya, a wata ikkilisiya da nake cikin dattawanta, wata yarinya ta yi ciki. Muka zauna, muka sa ta a ƙarƙashin horo. Muka hana ta Jibin Ubangiji, muka fitar da ita daga ƙungiyar mawaƙa, ta koma bencin baya. Ta tsaya a gaban jama'a ta roƙi gafara, tana kuka, cikinta a gaba. Kowa ya san yaron. Amma kafin mu zauna ya riga ya hau mota zuwa arewa, ubansa kuwa mutum ne mai taimakon ikkilisiya. Muka ce a bari sai ya komo. Bayan shekara biyu ya komo da sabon babur. Ranar Lahadi ya shigo, aka yi masa maraba, ba wanda ya ta da maganar. Ni ma ban ta da ita ba. Yarinyar tana bencin baya da ɗanta a goye, tana kallonmu. Ba ta jima ba ta daina zuwa.

Horon ikkilisiya ba laifi ba ne, an umarce mu da shi. Laifinmu shi ne mun hori wadda cikinta ya nuna, mun bar wanda jikinsa ba ya nuna kome.

Haka malaman Attaura da Farisiyawa suka yi a Yahaya 8:1-11. Suka kawo wa Yesu mace, suka ce an kama ta tana cikin yin zina. In a cikin aikin aka kama ta, lalle an ga mutum biyu. Ina ɗayan? Littafin Firistoci 20:10, dokar da suke taƙama da ita, ta ambaci namijin da macen tare. Sun kawo rabin shari'a ne. Yesu ya sunkuya yana rubutu a ƙasa, sa'an nan ya ba marar zunubi a cikinsu izinin fara jifa. Suka zare jiki ɗaya ɗaya, manya ne kuwa suka fara fita. Wannan wurin yana sosa mini rai, domin ni ma babba ne. Yesu bai hukunta ta ba, bai kuma ce abin da ta yi ba kome ba ne. Ya sallame ta da umarni ta rabu da zunubi. Tun kafin wannan, ta bakin annabi Yusha'u (4:13-14), Allah ya ce ba zai hukunta 'yan matan Isra'ila saboda fasikancinsu ba, tun da mazan da kansu suke keɓewa da karuwai.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a saki 'yan mata su yi yadda suka ga dama. Ko kaɗan. Tsarkin jiki nufin Allah ne, haka Bulus ya rubuta a 1 Tasalonikawa 4:3-8, bai kuwa rubuta wa mata kaɗai ba. A 1 Korantiyawa 7:4 ya ce kamar yadda miji yake da iko a kan jikin matarsa, haka mata take da iko a kan jikin mijinta. Babban misalin gudun zina a Littafi Mai Tsarki ma saurayi ne ɗan ci-rani, wato Yusufu ɗan Yakubu a gidan Fotifar, a sura 39, wadda take biye da labarin Yahuza. Yana ƙasar Masar, ba uba, ba wanda ya san shi, ya bar rigarsa a hannun matar maigidansa ya gudu. Wa da ƙane ne, sura biyu a jere. Tiyar da za mu yar ita ce ƙaramar, wadda muke auna maza da ita.

Ke uwa, in 'yarki ta zo miki da labari cewa wani ya fi ƙarfinta, kada ki rufe mata baki kamar yadda Absalom ya yi wa ƙanwarsa a 2 Sama'ila 13. Ki kai ta gidan likita da sauri, cikin kwana uku, gama akwai maganin da yake hana sida kama jiki in an fara shansa kafin awa 72 su cika. Sa'an nan a kai ƙara ga hukuma, ko da ɗan wane ne. Ranar bikin ɗanki kuma, in tsofaffi sun kawo farin zane, ki karɓa da ladabi ki ninke shi ki sa a akwati.

Kai uba, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin da ɗanka ya ga kana yi in ka je kasuwar nesa, shi zai yi. Kaka tana zuwa, motocin arewa za su fara lodi. Kafin ɗanka ya ɗaura jakarsa, ka kira shi gona, ku biyu kaɗai, inda ba wanda zai ji. Ku karanta Farawa 38 da 39 tare. Ka tambaye shi, a cikin 'ya'yan Yakubu biyun nan, wanne yake so ya zama sa'ad da zai komo gida. Ka gaya masa kuma cewa ranar da ya komo za ka sāke tambayarsa, tun kafin ka tambayi abin da yake cikin jakar.